Yadda Turanci Ya Ci Wutsiyar Aku

An yi wani aku mai jar wutsiya da ya tashi a keji a gidan wani malamin Turanci a birni. Ranar da aka manta ƙofar kejin a buɗe ya yi fir ya gudo daji. Bai zo da komai ba sai Turanci a baki da iyayi fal ciki. Wutsiyar nan kuwa ita ce ransa, kullum yana lallaɓa ta kamar jaririya.

A gindin ɓauren da ya sauka akwai Zabuwa, wadda ba ta da aiki sai mita, ko ganye ne ya faɗo sai ta tara jama'a. Akwai kuma Kurege, sarkin shisshigi, wanda in ka rufe tukunya ba zai iya zama ba sai ya leƙa.

Aku ya zaɓi reshen da ya fi tsawo, ya ce nan ne makarantarsa. Da safe ya gyara murya.

"Jama'a, na lura kowannenku yana da ɗan hali, amma ba ku san sunansa na zamani ba. Goggo Zabuwa, ke gurambula ce!"

"Gura-me? Malam Aku, ka kiyaye ni fa!"

"Mai mita ke nan a Turance. Kai kuma Kurege, nozi ne kai, mai sa baki a abin da babu ruwansa."

Wayyo, me tsuntsaye za su yi in ba dariya ba! Kurciya har da faɗowa daga reshe.

Daga ranar Aku ya samu sana'a. Hawainiya ta zama lezi, wai malalaciya. Bushiya ta zama sitinji, wai marowaciya. Kwaɗo ya yi tuntuɓe sau ɗaya tal, aka ce masa kulamzi, wai wanda bai iya tafiya ba. Sunayen suka bi daji, har 'yan tsakin Zabuwa suna bin uwarsu a layi suna rera, "Gurambula! Gurambula!"

Abin ya ishi Zabuwa. Ta tsaya a gindin ɓaure ta kama ƙugu.

"Wallahi daga yau ko sama ce za ta faɗo ba mai sake jin bakina!"

Kurege ya ce, "Ni ma na tuba. Ko me na gani, ban gani ba."

Aku ya kaɗa wutsiya. "Madalla! Kun ga amfanin ilimi ko?"

To, kun san yadda maharban tsuntsu suke yi. Sukan lura da reshen da tsuntsu ya saba sauka, su shafe shi da danƙo, su koma gefe su jira. Washegari da sassafe Kurege ya hango wani maharbi ya hau ɓauren yana shafa danƙo a daidai makarantar Aku.

Ya ruga wajen Zabuwa, gulma tana cin sa kamar ƙaiƙayi. "Goggo, kin ga abin da na..." Sai ya dafe bakinsa. "Af, na manta. Ban ga komai ba."

Zabuwa ma ta gani sarai. Ihu ya zo mata har baki, amma ta haɗiye.

Can sai ga Malam Aku ya taho da sabuwar kalma a baki. Ya yi shawagi don kowa ya ga wutsiya, ya sauka ɗaf! Ya ɗaga ƙafar dama, ta ƙi. Ya ɗaga ta hagu, ta ƙi. Ya yi zaman dirshan don ya yunƙura, wutsiyar ma ta manne.

"Jama'a, ku taimaka! Kurege, ba ka ga wanda ya yi wannan ba?"

"Na gani mana, Malam. Amma ai na daina nozi."

"Goggo Zabuwa, don Allah yi ihu!"

"Ni? A ce mini gurambula? Ina!"

Sai ga maharbin ya ɓullo daga nesa da jakarsa a kafaɗa. Nan fa Turanci ya gudu, Aku ya koma Hausa tsantsa. "Don girman Allah, Goggo! Ku rufa mini asiri! Keji zai mai da ni, wallahi ba na son keji!"

Gaskiya ya ba su tausayi. Zabuwa ta saki mitar da ta tara tun jiya gaba ɗaya. Ta faɗa gaban maharbi tana jan fiffike tana kwarmato, shi kuwa ya ga nama a ɓagas, ya bi ta cikin ciyawa. Kurege ya haye sama, ya sa haƙori ya kankare danƙon ƙafafun. Da ya zo kan wutsiya sai ya tsaya.

"Malam, wannan fa ta yi nisa. Ko wutsiya, ko keji."

Aku ya rintse ido. "Yanke."

Ƙaras, ƙaras! Aku ya tashi da baya sumul, jar wutsiya tana can a reshe tana lilo.

Da kowa ya dawo hayyacinsa, Zabuwa ta dube shi sama da ƙasa tana haki. "Malam, tambaya gare ni. Wanda ya san sunan halin kowa amma bai san nasa ba, me ake ce masa da Turanci?"

Aku ya sunkuyar da kai. "Ba mu kai nan a karatu ba, Goggo."

"Ba komai," in ji Kurege. "Mu da Hausa iyayi muke cewa. Maimaita, Malam!"

Ya maimaita kuwa, har sau biyu, 'yan tsaki suna amsawa.

Darasin wannan labari shi ne, kowa yana da ɗan halinsa, kuma sanin sunan aibin wani, da Hausa ne ko da Turanci, ba izinin yi masa dariya ba ne. Halin da kake yi wa maƙwabcinka ba'a a kai yau, mai yiwuwa gobe shi zai fid da kai daga danƙo. In za ka raba suna, fara da naka.