Kurege da Hancin Zabuwa

Ga ta nan tafe, ga ta nanku!

Ta iso, mun kasa kunne.

To, Lantana, sakar wa ƙanenki kunne ki saurara.

Wai a wani gari, Zabuwa ce mai gadin wuta. Kullum tana saman tsamiya. Da ta shaƙi hayaƙi sai ta ɓarke da ihu, gari ya fito da ruwa.

A garin akwai Kurege, marowacin gaske, ko hannunsa na hagu ba ya yarda ya san abin da ya ci. Bana wakensa ya yi kyau, ya cika rumbun zana taf, abincin shekara guda.

Ran nan ya ɗora kasko zai soya ƙosai. Mai ya yi hayaƙi. Zabuwa ta ce, "Wuta! Wuta gidan Kurege!" Maƙwabta suka kwararo da tuluna. Ba gobara, sai ƙosai. Suka ce, "Tunda mun zo..." Suka zauna suka cinye.

Kashegari ya soya, ta yi ihu, suka zo, suka cinye.

Ya koma bayan ɗaki ya soya, ta yi ihu, suka zo, har da baƙinsu.

Haba! Baƙin ciki kamar ya kashe Kurege. Sai ya samo kakin zuma, ya hau tsamiya, ya langaɓe kai.

"Yaya Zabuwa, muryarki ta dushe. Mura ce ke shirin kama ki."

"Kai, ƙanena, da gaske?"

"Wallahi. Ga magani. A toshe hanci da shi, kada a cire sai ya faɗi da kansa."

Baiwar Allah ta miƙa hanci, ya liƙe shi tsaf, har tana sa masa albarka.

Kurege ya sauko ya soya ƙosai. Shiru. Ya ci, ya ci, ya ci, har cibiyarsa ta juyo waje. Sannan ya dubi murhu ya ce, "Kash, in aka ga sabuwar toka za a gane." Sai dabara ta faɗo masa. Kun dai san ana zuba wa wake toka don kada ƙwari su huda shi. Amma tokar da ta kwana biyu ake sawa, wadda aka tona aka ji ta yi sanyi ƙalau.

Kurege ya taɓa saman tokar murhunsa da ɗan yatsa. "Toka, kin huce?"

Toka ta ce, "Ni dai na huce."

Ɗan garwashin da ke kwance a cikinta ya danne dariya.

Kurege ya kwashe ta ya juye a rumbu, ya tafi inuwa ya miƙe ƙafa, barci ya ɗauke shi. Garwashi ya leƙo, ya gai da zana. Zana ta kama.

Zafi ne ya tashe shi. Ya zabura cikin gari yana ihu, "Wuta! Jama'a, wuta!"

Bushiya ta ɗaga kai ta dubi tsamiya. "Zabuwa ta yi kuka?"

Aka ce, "Ba ta yi ba."

"To, sabon wayon Kurege ne." Kowa ya ci gaba da sha'aninsa.

Kurege ya haye tsamiya yana haki. "Yaya, yi ihu, don Allah!"

Zabuwa ta buɗe ido ɗaya. "Ihun me? Ban ji warin komai ba."

"Cire maganin!"

"A'a, ƙanena, ai bai faɗi da kansa ba tukuna."

Kurege ya sa farce yana ƙwaƙule kaki, yana kuka, yana rantsuwa ba mura ba ce. Da hanci ya buɗe, Zabuwa ta tsala ihun da ba ta taɓa yi ba. Gari ya fito da tuluna. Suka tarar rumbu ya zube, ko ƙwayar iri ba ta tsira ba.

Bushiya ta ajiye tulunta, ta ce, "Sannu, Kurege. Ga toka nan ta ishe ka. Saura wake."

To, ku ji ni: toka ba ta mutu ba sai an tona an yayyafa mata ruwa, a zuba ta nesa da kara. Mai faɗakar da ku kuma, ko ya dame ku, kada ku toshe masa hanci.

Ƙurunƙus! Na ɗaure ta a wutsiyar ɓera, ya shige rami da ita.