Tukuicin Igiya

Akwai wani mutum, manomi, yana zaune a kan dutse kusa da wani kurmi. Kakanninsa ne suka fara tsaron kurmin, a bakinsa kuma aka binne su. A tsakiyarsa akwai wani babban maɗaci, idon ruwa yana ɓuɓɓugowa daga ƙarƙashin saiwarsa. Dokar gidansu ɗaya ce: a tsinci busasshen itace, a ɗebi zuma da ganyen magani, amma gatari ba ya shiga.

A kwari kuwa akwai wani attajiri. Ya sare itatuwan ƙasarsa kaf, ya ƙona gawayi, ya gasa tubali, hayaƙinsa ya turnuƙe sama. Sai damina ta rikice, ta zo a makare, ta ɗauke da wuri. Rijiyoyinsa suka ƙafe, ba abin da ya rage masa sai rafin da ke gangarowa daga kurmin nan. Manomi kuwa, da bai ƙona kome ba, gonarsa ce ta fara mutuwa, har ya soma tunanin kwashe iyalinsa ya bar dutsen.

Da attajiri ya ji, gabansa ya faɗi. In mutumin nan ya tashi, wa zai tsare kurmi? Ya kira wakilinsa ya ce, "Kai masa san huɗa, ya yi noma, ya zauna."

Wakili ya ce, "Ranka ya daɗe, irin mutanen nan ba a danƙa musu sa haka kawai. Ina suka san riƙon sa? Sai an yi taro."

Aka kira taro a kan yadda za a taimaki manomi. Manyan baƙi suka cika gidan wakili. To, baƙi za su zauna da yunwa ne? Aka yanka san. Ku ji fa! Manomin ma an kawo shi, aka ce ya sa warkin kakanninsa ya yi rawa a ƙofar gida. Aka tafa masa. Da lokacin magana ya yi, sai aka ce ya jira a waje. Fatar san aka ɗaura ganga da ita, aka zaga gari ana shelar alherin attajiri. Ƙahonin, wakili ya rataye a zaurensa. Igiyar da ta rage aka ba ɗan aike.

Ɗan aike ya hau dutse yana haki. "Baba, albishirinka!"

"Goro," in ji manomi.

"Ga saƙon maigida." Ya ajiye igiya, ya tsuguna, ya ƙi tashi. Kun san al'ada: wanda ya kawo kyauta ba ya komawa sai an ba shi tukuici.

Manomi ya dubi igiya, ya leƙa bayan ɗan aike. "Ina abin da ke ɗaure a jikinta?"

"Haba Baba, ba a yi wa kyauta tambaya. A sallame ni, rana tana yi."

"Ɗana, ko kaza ba ta rage mini ba."

Ɗan aike ya ɗaga ido. "Maɗacin can ma ya isa. Katako ne mai kyau."

"Gatari ba ya shiga kurmin nan."

"Kai da aka taimaka, kai ne kuma mai kafa doka? Butulu!"

Ya koma, ya zo da ƙarti da yardar wakili, suka ture tsohon gefe, suka kayar da maɗacin. Kafin rani ya raba, idon ruwa ya kafe, rafi ya zama yashi.

Sai a sa'an nan attajiri ya hau dutsen da ƙafarsa. Ya tarar da turke a tsakar gidan manomi, igiya ɗaure a jikinsa, an zuba ciyawa a gabanta.

"Ina san da na aiko maka?"

"Ga shi nan, ranka ya daɗe. Ba ya ci, ba ya ɓarna."

"Me ya hana ka faɗa mini?"

"Ai na zo taronka. Rawa aka ce in yi."

Manomi ya sunkuya ya kwance igiyar, ya ɗaure kayansa da ita, ya sa iyalinsa a gaba, suka gangara.

Ma'anar wannan misali ita ce: manomin nan shi ne mutanen asali, na kan duwatsu da kurame da bakin tafki, waɗanda suka riƙe daji tun kafin a haifi masu taro. Attajiri shi ne masu hayaƙin da ya birkita damina. San huɗa shi ne taimakon da ake shelar an aika domin sauyin yanayi. Wakili da ɗan aike kuwa, kada ku waiwaya neman su a nesa. Duk wanda ya tsaya tsakanin mai bayarwa da mai karɓa da wuƙa a hannu, shi ne, ko da rigar kwamitin ikkilisiya ya sa.

Abin da ke ƙona mini rai ba naman da aka cinye ba ne kaɗai. Tukuicin ne. A cinye rabon mutum, a kawo masa igiya, sa'an nan a ce ya biya godiya da ƙasar ubansa! Ya buɗe baki kuma a ce masa butulu. Kada attajiri ma ya ce hannunsa tsarkakakke ne. Ƙafar da ta hau dutse bayan ruwa ya kafe, ina take tun farko?

'Yan'uwa, Ubangiji ya ba mutum ƙasa amana ce, zai kuwa tambaye mu yadda muka yi da masu tsaronta. In za ka ba mai kurmi sa, sa igiyar a hannunsa da san a jikinta. In za a yi magana a kan kurminsa, shi ne zai zauna a kan tabarmar tsakiya, ya fara, ku saurara. In ya ce gatari ba ya shiga, to, ba ya shiga.

Ranar da Mai Shari'a zai ce, "Ina san da na aika ta hannunka?" ba za ka buga masa ganga ba. Mai kunne ya ji tun ruwa bai kafe ba.