Murhun da Aka Gina wa Gwauruwa Keziya

Akwai wata gwauruwa a wani ƙauye, sunanta Keziya. Madafarta ƙarama ce ƙwarai, in ta miƙa hannuwanta biyu takan taɓa bango da bango. Jinkar ta ciyawa ce, gajeriya, dogon mutum sai ya sunkuya. A kan duwatsu uku take girki. Kowace kaka takan zaɓi zangarniyoyin dawa mafi kyau, ta ɗaure su, ta rataye a jinka bisa murhu, domin hayaƙi ya hana ƙwari cinye su. Wannan ne irinta na shuka. Dawa ce mai saurin nuna, wadda mijinta ya bar mata, ita kaɗai ke nuna a tsandaurin gonarta kafin ruwa ya ɗauke.

Amma hayaƙin nan mai tsaron iri yana sa ta tari, idanunta kullum ja. Mutanen ikkilisiya suka gani, suka ce za su gina mata murhun laka mai bututun ƙarfe, wanda zai fitar da hayaƙi waje.

Ranar Asabar suka zo su takwas. Dattijo Habila ne ya jagorance su, tare da wani magini mai suna Gambo. Gambo ya shiga ya auna, ya fito ya ce, "Dattijo, wurin nan ya yi kaɗan. Bututu yana bukatar tazarar kamu guda, wato daga gwiwar hannu zuwa kan yatsa, tsakaninsa da duk abin da zai iya kamawa. In muka bi da shi ta jinka, ciyawa za ta taɓa shi. Sai dai mu huda bangon laka, mu fitar da shi ta gefe. Aikin kwana uku ne, har da bushewa."

Habila ya ce, "Kwana uku? Na riga na sanar cewa gobe bayan sujada za mu zo da jama'a a yi addu'a a kansa. Bi da shi ta sama, yau a gama."

Keziya ta matso ta ce, "Dattijo, irina yana can sama. A jikinsa bututun zai wuce."

Habila ya yi dariya ya ce, "Mama Keziya, mu takwas muka baro ayyukanmu dominki. Je ki dama mana kunu, ki bar mana wannan."

Gambo ya ɗauki kayan aikinsa. Ya hau ya huda jinka, ya zura bututu, ko laka bai shafa a kewayen hudar ba. Da suka tafi, Keziya ta janye irinta gefe iyakar yadda ɗakin ya bari, abin da bai wuce taƙin hannu ɗaya ba. Washegari jama'a suka zo, aka yi addu'a, aka yi waƙa, mata suka yi guɗa.

Bayan kwana tara, da tsakar rana, Keziya ta ɗora wake. Wake yana cin itace, wuta ta daɗe tana ci. Ta fita rijiya ɗiban ruwa. Bututu ya yi zafi, ciyawa ta kama. Maƙwabta suka ja jinkar ƙasa don kada wutar ta haura ɗakin kwana. Ɗakin kwana ya tsira, amma irin dawa ya ƙone ƙurmus, saura mako biyu ruwan shuka ya sauka.

Habila ya zo jaje. Ya tsaya a bakin madafa ya ce, "Mama, nufin Allah ne. Ki gode ba a rasa rai ba. Ki yi haƙuri."

Ta ce, "Dattijo, Allah ne ya huda jinkata?"

Ya ce, "Ki yi hattara, kada ki zama marar godiya." Ya juya ya tafi. Gambo kuwa ya sake hanya, ya daina bi ta ƙofarta. Ruwa ya sauka, kowa ya saɓi sungumi ya nufi gona. Keziya ta zauna a gida, ruwan yana zuba cikin sabon murhu.

To, ku saurari ma'anar misalin nan da kyau. Murhu shi ne alherin da muke yi wa mutane. Alheri wuta ne, in an kafa shi ba da awo ba, mai karɓa ne yake ƙonewa. Kamun nan guda da aka ƙi bari, shi ne wurin da ya kamata mu bar wa maganar mai gida, domin ta fi mu sanin abin da ke rataye a jinkarta. Habila shi ne mai yin alheri saboda sanarwar ranar Lahadi. Gambo ya fi shi laifi, gama ya auna, ya sani, ya faɗa sau ɗaya, sa'an nan ya huda da hannunsa. Sauran shida da suka ji suka yi shiru, su ma kada su ɗauka sun fita.

Abin da ya fi ɓacin rai shi ne yadda muke ɗaukar sunan Allah mu rufe aikin hannunmu da shi. An faɗa maka zai kama, ka ƙi ji, ya kama, sa'an nan ka ce nufin Allah ne. Wannan shaidar zur ce a kan Ubangiji. Kyakkyawar niyya ba ta baibaye ɗaki. Tuba ta gaskiya tana ɗaukar lauje ta yanko ciyawa, tana bin ƙauyuka har ta samo iri, tana tsayawa gaban jama'ar da ta ji sanarwar kyauta ta sanar da kuskure da murya iri ɗaya.

Duk wanda ya san akwai gidan da alherinsa ya ƙona, ya tashi ya je can kafin ya sake zama a kan bencin nan na majami'a. In ya isa, kada ya nemi a gode masa. Ya durƙusa ya ce, "Ni ne na jawo miki. Daga ina zan fara gyara?"