Tsallaken Nomau

A shekarar da annoba ta cinye Masar, har fatake ke cewa jirage na yawo a teku babu mai rai a cikinsu, wani maharbi mai suna Jatau yana zaune da danginsa a bakin rafin Gwalgwada. Mutum ne mai zargin tsiya, ko ruwa aka miƙa masa sai ya shinshina. Kirarinsa ke nan: Jatau kunnen barewa, mai barci da ido ɗaya.

Ran nan ayari ya sauka a tsallaken rafin. Madugu ya baje alkyabbu na alfarma, kowace a kan ƙwaryar gero ɗaya. Jama'a suka ruɗe. Jatau kuwa raƙuma ya tsaya dubawa: sun kai sittin, mutane tara kacal.

"Madugu, ina masu sauran raƙuman?"

"Suna tafe a baya."

Jatau ya ce kowa ya dakata, ya rataya baka, ya bi sawun ayarin ta inda ya fito. A kowane zango sai ya tarar da sababbin kaburbura, an binne cikin gaggawa. Ya juyo a guje, ya soke kibiya a bakin ruwa, ya ce duk wanda ya ƙetare ba zai dawo ba sai sabon wata ya tsaya. Abincin baƙi kuma a ajiye kan falalen dutse a tsakiyar rafi.

Ashe ya makara. Ga ƙanensa Nomau can a tsallake, sanye da jar alkyabba, yana dariya.

"Yaya, ni ne fa! Ni ma za ka hana ni gida?"

"Na ga kai ne," in ji Jatau. Ya ɗana kibiya.

Dangi suka zage shi tas, uwarsu ta daina amsa gaisuwarsa. Abin ya ci masa rai ƙwarai, amma bai janye ba. Kullum da hantsi shi ke kai tuwo dutsen, ya tsaya har Nomau ya zo ya ɗauka. Rana ta tara akushin ya wuni ba a taɓa shi ba.

A gaɓar Jatau ko mutum ɗaya bai mutu ba, nan gari ya kafu. Har yau kasuwarsa a hayin rafi take ci, wurin da ake kira Tsallaken Nomau. Zuriyar Jatau ba sa saka jan tufafi, kuma duk shekara sukan ajiye akushin tuwo a kan dutsen nan, su tsaya suna jira.