Abin da Likita Ya Faɗa da Abin da Illo Ya Fassara

Akwai wanda yake karanta rubutun nan yanzu haka, ya san maganin matsalar ɗan'uwansa sarai, amma ya haɗiye ya yi gum. Ba mantuwa ya yi ba. Tsoro yake ji kada ɗan'uwan ya miƙe ya fi shi tsawo. Ba zan kama suna ba, kai ka san kanka. Gyara zama ka ji.

Akwai wani mutum a Lafagu, can ƙasar Bagudo, ana ce masa Illo. Allah ya yi masa baki. Hausa, Dandanci, Fillanci, har Faransancin da ya tsinta a bakin direbobin iyaka, duk yana juya su yadda ya ga dama. In ya kama ciniki a kasuwar Dole Kaina da ke bakin iyaka, sai ka sayi abin da ba ka fito saye ba, kuma ka yi masa godiya.

Yana da ƙane, Albashir. Shi kuma an haife shi da linzami, wato ɗan siririn naman nan da ke ƙarƙashin harshe ya kama harshensa ya ɗaure, ba ya ɗagawa, ba ya fitowa waje. In ya yi magana sai ta fito a cakuɗe. Ko sunan yayansa bai taɓa faɗa daidai ba, "Iyyo" yake cewa. Tun yana yaro aka yi ta masa dariya har ya daina magana a cikin mutane.

Amma fa a ba shi shinkafa. Ƙwaya ɗaya zai ɗauka ya gatsa, ya san ko ta bushe, ko an yi mata gaggawar girbi, ko an surka ta da tsohuwa. Shi ke zaɓe, Illo ke magana. Haka suka yi shekaru suna sana'arsu.

To ina abin hassada a nan, za ku ce. Yana cikin magana guda da mahaifinsu ya taɓa yi a gaban baƙi, kafin ya rasu. Ya dafa kan Albashir ya ce, "Wanga, da harshenai ya saku, da duk gidan nan babu kamatai."

Illo yana tsaye da butar shayi a hannu. Maganar ta shiga cikinsa ta yi ɗaki ta zauna.

Shekara bakwai da suka wuce, sun tsallaka Jamhuriyar Benin da kaya, ciwon haƙori ya kama Albashir. Illo ya kai shi wani asibiti a can. Likitan ya cire haƙorin, sannan ya ɗaga harshen da yatsa, ya tsaya yana kallo. Ya juya ga Illo ya yi masa bayani da Faransanci: wannan ƙaramin aiki ne, ana iya sakin harshen, in ya dage da koyon furuci maganarsa za ta gyaru sosai.

Albashir ya kama hannun yayansa. "Yaya, mi yac ce?"

Illo ya dubi likita, ya dubi ƙanensa. Ya ce, "Cewa ya yi jijiya ce. In aka kuskura aka taɓa ta, ɗan maganar da kake yi ma ta tafi, bebe za ka koma. Ya ce ka gode wa Allah ka bar shi haka."

Albashir ya sunkuyar da kai, har ya ɗaga wa likita hannu alamar godiya. Likita ya yi murmushi, yana zaton an isar da saƙonsa.

Ku ji fa. Ciki ɗaya suka fito.

Kwanci tashi, Albashir ya auri Mansura 'yar Zagga, ta haifi mace. Tun kwanan farko jaririyar ta ƙi kama nono yadda ya kamata. Ta kama ta saki, ta kama ta saki, bakinta yana ƙas ƙas, sai ta ɓare da kuka. Nonon uwar ya tsage, in za ta shayar sai ta cije gefen zane.

Ranar suna aka sa mata Jannatu. Manu wanzami ya zo aski. Yana cikin aikinsa yarinya ta wage baki, ya leƙa, ya ajiye aska.

"Albashir, ɗiyar ga gadonka ta yi. Linzami gare ta. Ni ba ni sa ƙarfena a bakin jinjiri ƙarami haka, ku kai ta asibiti su sake mata."

Albashir ya fizge 'yarsa ya rungume. Ya yi ta magana da sauri ba a gane ba, sai da Illo ya fassara wa jama'a, kamar kullum. "Ya ce babu mai taɓa harshen ɗiyatai. Likita ya hana."

Da bakinsa ya faɗa. Ƙaryar da ya shuka shekara bakwai, ga ta ta dawo, kuma shi aka ba ya sanar da ita.

Aka shiga mako na biyu, aka shiga na uku. Tsofaffi suka juya kan Mansura. Wannan ta ce nononta ne ba shi da kyau, waccan ta ce ba ta iya riƙon jinjiri ba. Aka yi ta ɗura mata jiƙe-jiƙe. Jannatu kuwa tana ta zubewa, fatar cinyarta ta yi yaushi kamar ta tsohuwa.

Illo kullum sai ya shigo duba jiki. Ya san abin da ke cin yarinyar. Ya san kalma nawa zai faɗa a wuce wurin. Sau biyu yana buɗe baki, sai ya hango abin da zai biyo baya: in aka saki na 'ya, za a tambayi na uba. In aka saki na uba, wa zai ƙara neman Illo a Dole Kaina? Sai ya ce, "Allah shi ba da lafiya," ya sa takalmi ya fita.

Sabuwa, uwar Mansura, ita ta gaji. Ta zo daga Zagga da sassafe, ta tsaya a tsakar gida. "Ni ban aurar da ɗiyata don a kashe min jika ina kallo ba. Ku tashi mu tafi Bagudo. Wanda bai zuwa shi matsa min."

Suka tafi su huɗu, don Albashir ba ya zuwa gaban ma'aikaci ba tare da bakinsa ba, wato Illo.

Malamar asibitin, Aminat, ta ɗora Jannatu a kan sikeli, ta duba katin haihuwa, fuskarta ta canza. Yarinyar ba ta kai nauyin da aka haife ta da shi ba. Ta sa safar hannu, ta ɗaga ɗan harshen. Ta kira likita shi ma ya duba, ya sa Mansura ta gwada shayarwa a gabansu.

"Nononki lafiyarsa ƙalau, ki daina kuka," in ji Aminat. "Harshen ne ba ya ɗagawa balle ta zuƙa. Ba kowane linzami ake taɓawa ba, amma wannan ya hana ta ci. Likita zai sake shi yanzu, ba ya ɗaukar lokaci."

Albashir ya miƙa hannu ya ɗauki 'yarsa, ya fara naɗe ta a zane. Ya nufi ƙofa. Sannan ya juyo, idonsa jawur, ya dubi mutumin da ya fi yarda da shi a duniya.

"Yaya Iyyo, gaya musu. Gaya musu abin da likitan can yac ce."

Jannatu ta buɗe baki za ta yi kuka, muryar ba ta fito ba, sai ɗan nishi kamar na 'yar kyanwa.

Wallahi ko a lokacin, sai da maganar mahaifinsu ta taso wa Illo a maƙogwaro. Babu kamatai. Ya ji ta da ɗacinta kamar jiya aka yi ta. Da ya maimaita ƙaryar, da Albashir ya fice, da babu mai sani har abada. Amma zanen da ke hannun ƙanensa ya yi kama da wanda babu kowa a ciki.

Illo ya ce, "Likitan bai ce haka ba."

Albashir ya tsaya.

"Cewa ya yi ƙaramin aiki ne, za ka iya magana kamar kowa. Ni na juya maganar. Ni ne."

Sabuwa ta yi salati a hankali. Ta ce, "Illo, kai da ka yi goyonsa?"

Albashir ya ratsa ta gefen yayansa kamar ya ratsa ginshiƙi, ya miƙa wa Aminat jaririyar.

Ɗan almakashi ne da aka tsabtace likita ya sa ya saki harshen, sai ɗigon jini a kan auduga. Aka miƙa wa Mansura ita. Jannatu ta laluba, ta kama, ba ta saki ba. Duk ɗakin ana jin haɗiyarta. Mansura tana dariya hawaye na zuba, ta ce, "Inna, ba zafi. Wallahi ba zafi."

Bayan wata biyu Albashir ya je aka yi masa nasa. Kada in yi muku ƙarya, na babba ba kamar na jinjiri ba ne. An yi masa allura, an yi ɗinki, ya sha kunu kwanaki. Kuma harshen da ya yi shekara talatin a kwance ba ya tashi rana ɗaya. Wata da watanni yana zama a bayan rumbu yana maimaita kalmomin da aka ba shi, Mansura tana gyara masa tana tsokanarsa. Har yau in ya yi sauri yana tuntuɓe. Amma ana gane shi.

Illo kuwa ya daina zuwa kasuwa. Labari ya riga shi isa. Wa zai ƙara ba shi magana ya kai?

Wata ranar kasuwa da safe, yana zaune a ƙofar gida, sai ga Albashir a kan mota cike da buhuna. Ya sauko, ya tsaya a kansa.

"Illo."

Ras, babu gargada. Karo na farko a rayuwarsa da sunan ya fito daidai daga wannan bakin. Kuma babu "Yaya" a gabansa.

"Taso mu tafi. Hausa ni zan yi da kaina. Faransanci ne ban iya ba." Ya nuna wani dattijo a gaban mota. "Wancan Baba Namadi ne, ya yi shekara ashirin yana tuƙi a Benin. Duk abin da ka fassara, yana zaune yana ji."

Illo ya shiga bayan mota, ya zauna a kan buhu. Har suka isa Dole Kaina, mai baki bai ce komai ba.

Darasi: Duk abin da ka ɓoye wa ɗan'uwanka don kada ya fi ka, ba a kansa kaɗai zai tsaya ba, sai ya gangara kan wanda bai ji ba bai gani ba. Iyaye kuma, in jinjiri ya kasa kama nono yana ramewa, ku daina zagin uwarsa, ku kai shi asibiti a duba bakinsa. Ku tura wa 'yan'uwa, musamman masu jego. Kai kuma da na fara da kai, wanda ya san hanya ya yi shiru: in ka isa, shigo ƙasan rubutun nan ka ce ƙarya na yi maka.