Sarkin da Ya Zaci Taurari Don Shi Suka Zubo

A can wani zamani mai nisa, a Birnin Kalgo mai doguwar ganuwa ja wur, an yi wani sarki adali, mai sanyin hali, Tunau ɗan Barmo jikan Gwauron Giwa, wanda ba shi da abin so kamar 'yarsa Tasalla. Wata rana da bazara, bayan sallar isha, zafi ya kore su suka hau kan soro shan iska, shi da ita da mahaifiyarsa, Inna Dela. Sai ga tauraro ya tsinke, ya ja wutsiya fara sol. Kafin su rufe baki wani ya biyo shi, sai sama duka ta ɓarke, taurari manya-manya da ƙanana, koraye da jajaye, suna zubowa kamar ana sheƙar gero.

Tasalla ta juya ta dubi mahaifinta. A ƙasarsu abin da aka gada shi ne, in tauraro ya faɗi, wani babba ne zai rasu.

Inna Dela ta ce a hankali, "Guda ɗaya na hakimi ne. Wannan kam ban san na wane ne ba."

Sarki ya ce, "Na sani, Inna. Wa ya fi ni girma a nan?" Ya sauka, ya sa aka yanko likkafani, ya kwanta, ya ƙi ci ya ƙi sha.

Da Tasalla ta ga uban yana ƙarewa a kan idonta, sai ta nufi fadar Gurmasu, Sarkin Aljanu, masanin labarin sama. Ta ratsa dajin da itatuwansa ke tafiya, ta haye kogin da ke gudu da baya, har ta isa wata kuka mai ƙofar tagulla. Ta tarar da aljanu jibga-jibga kwance a zaure, gemu a ƙone, fiffike a babbake, ana shafa musu zuma suna nishi.

Ta faɗi ta yi gaisuwa, ta ce, "Allah ya ja zamanin sarki, na zo in ji ko taurarin nan na mahaifina ne."

Gurmasu ya dube ta sheƙeƙe. "Ku bil'adama, komai ya motsa a sama sai ku ce don ku ne. Samarina ne marasa jin magana suka hau satar jin zancen mala'iku, aka yi musu ruwan wuta. Dubi Wazirina, da girmansa ya bi yara."

"To ranka ya daɗe, a ba ni aron Wazirin. Baba ba zai yarda da bakina ba."

Waziri ya sunkuyar da kai, ya goya ta, ya yi ta ɗingishi a sararin sama har Birnin Kalgo. Sarki Tunau ya ji bayani, ya shaƙi ƙaurin gemun Waziri.

Sai ya ce, "Ashe ko ɗaya ba nawa ba ne?"

Inna Dela ta ce, "Ko ɗaya. Tashi ka sha kunu."

Ya sha har da ƙari, kashegari kuma ya naɗa Tasalla Magajiyar gari. Ranar kowa dai Allah kaɗai ya bar wa kansa saninta.