Hoton Inna a Kan Darduma

Akwai wani ɗan siyasa a Nassarawa GRA mai suna Alhaji Ɗahiru. Ba mugu ba ne, sai dai yana son a ce ya yi, ko da bai yi ba.

Mahaifiyarsa, Inna Kande, tana zaune a ɗakunan baya na gidan, don ƙafafunta ba sa hawan bene. Kullum ƙanwarsa Sauda ke tasowa daga Tudun Wada ta wuni da ita. Shi kuwa sai ya yi kwanaki bai leƙa ba.

Da Sauda ta yi masa ƙorafi, sai ya kira Mika mai haɗa intanet, ya ce a sa kyamara a ɗakin Inna, ya riƙa ganinta a waya.

Mika ya gwada, ya ga waifai ba ya ratsa kaurin bangon tsohon ginin. Ya ce hanya biyu ce. Ko a kafa ƙarfe a tsakar gida mai ƙara wa waifai ƙarfi, a sa kyamara mai batir, ko kuma intanet ɗin ya bi ta wayar lantarki, a jona na'ura a soket ɗin falo, wata a na Inna.

Alhaji ya ce ba mai kafa masa ƙarfe a cikin furanni.

Mika ya ce, "To ranka ya daɗe, duk gidan layin wuta ɗaya ne?"

"Gida ɗaya, wuta ɗaya," in ji Alhaji.

Ya manta cewa shi da bakinsa ya sa aka yanke ɗakunan baya daga janareta tun da daɗewa, wai masu aiki suna sha masa mai da dutsen guga. Ranar da Mika ya jona na'urorin akwai wuta, hoto ya fito tas. Ya ce wa Sauda ta huta da zirga-zirga, ai yanzu idonsa na kan Inna.

Wata Laraba yana taron jam'iyya, ya duba waya bayan azahar. Ga Inna a kan darduma, carbi a hannu. Har ya miƙa wa na kusa da shi su gani, suka yi ta sa masa albarka. Da la'asar ya sake dubawa, tana nan yadda take. Ransa ya yi fari, ya ce tsohuwa akwai ibada.

Ashe tun azahar aka ɗauke wuta. Janareta ya tashi a babban gida, kyamarar ɗakin Inna kuwa ta mutu, hoton ƙarshe ya daskare a wayarsa.

Ana kiran magariba Sauda ta buga masa. Hankalinta ne bai kwanta ba ta zo. Ta tarar da Inna a ƙasa bakin banɗaki, hannunta ɗaya miƙe wajen ƙofa, jikinta ya yi sanyi.

"Yaya, Inna ta rasu."

"Wace Inna? Ga ta nan ina kallonta, tana lazimi."

Ya sake duba wayar. Sai a lokacin ya lura hasken tagar na tsakar rana ne.

Darasi: Na'ura tana nuna maka iyayenka, amma ba ta gaishe su, ba ta ɗaga su in sun faɗi. In naka suna raye, taka da ƙafarka ka je yau. Ku tura wa 'yan uwa, wataƙila wani ya ajiye waya ya tashi.